Rigimar systemd: faɗan ba a kan saurin tashin kwamfuta ba ne

Duk wanda ya ɗan jima yana taɓa Linux, tsarin nan na kyauta da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, ya san akwai kalmar da in ka ambata a cikin ma'abota abin nan take za ka ga fuska ta canza, wato systemd. Tun 2010 ake abu ɗaya, wasu sun bar aikin da suka shafe rabin rayuwarsu suna yi kyauta saboda shi, wasu sun raba gari da abokansu, har barazanar kisa an yi wa mutum a kai. Wanda yake waje in ya ji sai ya ce wai duk a kan 'yar manhajar da ke tada kwamfuta? Ni ma da haka na ɗauka, sai daga baya na gane ba nan gizo ke saƙar ba.

Shi systemd wani nau'i ne na abin da ake kira init, don haka bari in fara da menene init ɗin ma tukuna. In ka danna maɓallin kunna kwamfuta mai Linux, zuciyar tsarin da ake ce wa kanel ita ke fara tashi, ta gano na'urorin da ke jikin injin, daga nan sai ta tada shiri guda ɗaya tak ta ba shi lamba 1, sauran aikin ta bar masa. Wannan mai lamba ɗayan shi ne init. Shi zai haɗa faifan ajiya, ya tada netwok, ya tada rumbun bayanai, ya kawo maka allon da za ka sa faswod, kuma duk wani shiri da ke gudana a kwamfutar in ka bi salsalarsa daga gare shi ya fito. In ya faɗi komai ya faɗi. Kamar mai gadin kasuwa ne da ke riƙe da makullin babbar ƙofa, shi ke fara zuwa da asuba shi ke ƙarshen tafiya, kuma ba ruwan kowa da shi sai ranar da ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Shekara da shekaru abin da ake amfani da shi shi ne tsohon tsarin da aka gada daga Unix System V na 1983 (Unix shi ne tsohon tsarin da Linux ya kwaikwaya), ana ce masa sysvinit. Shi ba ya yin wani abu mai yawa, kawai yana bin wasu rubutattun umarni ne ɗaya bayan ɗaya bisa lambar da aka sa musu, na 10 ya gama na 20 ya fara. Kyansa shi ne kana iya buɗe kowanne ka karanta da idonka ka gyara. Muninsa kuma, to, wanda bai taɓa kwana a kansa ba ba zai gane ba. Na taɓa kula da wata 'yar sabar, wato kwamfutar da sauran ke ɗiban aiki daga gare ta, a wani ofis da wuta ke ɗaukewa sau nawa a rana, batirin da ke riƙe ta ya riga ya gaji, duk sanda aka dawo da wuta sai manhajar ofishin ta riga rumbun bayanai shiryawa, ta nemi shi ba ta same shi ba, ta mutu shiru, babu mai tada ta. Sai an kira ni a waya na hau mashin na zo na buga layi ɗaya. Maganin da na yi a lokacin shi ne na sa ta ta yi barcin daƙiƙa talatin kafin ta tashi, wanda kowa ya san wannan ba gyara ba ne, rufa-rufa ce. Ranar da na mayar da ita kan systemd fayil ɗin da na rubuta bai kai layi goma sha biyu ba, na ce jira wancan ya tashi, in kin mutu ki sake tashi, shikenan ban ƙara hawa mashin saboda ita ba. Na faɗi wannan ne don kar wani ya ɗauka ina cikin masu cewa tsohon tsarin ba shi da aibu. Yana da shi, kuma mu da muke aikin mun sha wahalarsa.

Ba systemd ne ya fara yunƙurin gyara ba. Apple sun fito da launchd a 2005, kamfanin Canonical masu nau'in Linux ɗin nan Ubuntu suka fito da Upstart a 2006 wanda Scott James Remnant ya rubuta. Sai a Afrilun 2010 Lennart Poettering na kamfanin Linux ɗin nan Red Hat ya sanar da systemd, wanda suka tsara tare da Kay Sievers. Nau'o'in Linux suka fara karɓarsa, Fedora 15 ta ɗauke shi a 2011, Arch ta bi a 2012, Red Hat ta sa shi a babban tsarinta na kamfanoni a 2014. Da a ce ya tsaya a tada shirye-shirye da kula da su ina ga da rigimar ba ta kai haka ba.

Amma bai tsaya ba. Ya zo da nasa tsarin ajiye rahoton abin da ke faruwa a inji, kuma maimakon rubutu zalla da kowa zai iya buɗewa da kowace manhaja sai ya zama wani fayil da sai da kayan aikinsa za ka karanta. A 2012 aka haɗe udev, wato abin da ke lura da na'urorin da ake jonawa, cikin gidan systemd, har mutanen Gentoo, wani nau'in Linux, suka ɓalle da nasu suka kira shi eudev. Sai logind mai kula da wanda ya shiga da wanda ya fita, sai mai kula da netwok, sai mai saita agogo, sai mai nemo adireshin shafuka. Masu systemd suna cewa ai ba dunƙule ɗaya ba ne, ƙananan shirye-shirye ne da yawa a gida ɗaya kuma mafi yawansu in ba ka so ka kashe, kuma wannan gaskiya ne. Masu adawa suna cewa eh amma ba za ka iya ɗaukar ɗaya ka kai shi wani gida ya yi aiki shi kaɗai ba, duk a jikin uwar suke, kuma wannan ma gaskiya ne. Tsohuwar tarbiyyar Unix ita ce kowane shiri ya yi abu ɗaya ya kuma iya shi sosai, ta yadda in wani ya ɓata maka rai ka cire shi ka sa wani. To mai gadin da aka ba makullin ƙofa yau ga shi da littafin shiga da fita, gobe ga shi da mitar wuta, jibi shi ke karɓar haraji. Ko da mutumin kirki ne dole 'yan kasuwa su fara tambayar to in wata rana muka saɓa da shi fa?

Inda abin ya fara zafi sosai shi ne lokacin da GNOME, ɗaya daga manyan fuskokin Linux da mutane ke gani a allo, ta fara dogara da logind wajen 2013. Nan ne mutumin da bai taɓa zaɓar systemd ba ya ga cewa in yana son fuskar da ya saba da ita to sai ya haɗiye shi. Kuma da yake Red Hat na biyan albashin masu systemd, tana kuma biyan da yawa daga masu GNOME, sai zargi ya shigo, wai kamfani ɗaya ne ke jan akalar kowa ta bayan fage. Ni ban yarda an zauna an ƙulla wata maƙarƙashiya ba. Abin da na yarda da shi ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi ban tsoro: wanda ake biya ya yi aiki awa takwas kullum zai riga ɗan sa-kai mai awa biyu a daren Asabar, ko da kuwa ba wanda ya yi niyyar danne wani. Kod ɗin, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, a buɗe yake, lasisinsa ya ba kowa damar ya kwafa ya canza, amma damar da ba ka da lokaci da ma'aikatan da za ka yi amfani da ita, rabin dama ce.

Sai Debian. Ita Debian ba kamfani ba ce, taron 'yan sa-kai ne tun 1993, suna da kundin tsarin mulkinsu, suna zaɓen shugaba, kuma Ubuntu da wasu nau'o'in Linux masu yawa daga jikinta suke ɗiba, don haka duk inda ta karkata rabin duniyar Linux ta karkata. A ƙarshen 2013 aka miƙa maganar ga kwamitinsu na fasaha mai mutum takwas. Aka yi wata da watanni ana musu, a Fabrairun 2014 aka kaɗa ƙuri'a ta fito huɗu da huɗu tsakanin systemd da Upstart. Shugaban kwamitin Bdale Garbee ya yi amfani da ƙuri'arsa ta raba gardama ya ba systemd. Ka duba fa, babbar shawara irin wannan da ƙuri'ar mutum ɗaya ta tabbata. Bisa doka babu kuskure ko ɗaya, haka kundinsu ya tanada. Amma abin da doka ta halatta daban, abin da zuciya ta karɓa daban.

Wani abin da mutane ke mantawa shi ne zargin kamfani ta ko'ina yake. Biyu daga cikin huɗun da suka zaɓi Upstart, Steve Langasek da Colin Watson, ma'aikatan Canonical ne a lokacin, kuma Upstart ɗin yana da sharaɗin cewa duk mai son ba da gudummawar kod sai ya sa hannu a wata yarjejeniya da ke ba Canonical iko na musamman a kan abin da ya rubuta, wanda mutanen Debian da yawa ba su so ba. Wato zaɓin a lokacin kusan tsakanin na Red Hat ne da na Canonical. Kwana kaɗan bayan ƙuri'ar Mark Shuttleworth mai Canonical ya ce sun karɓi kaye, Ubuntu ma za ta koma systemd, kuma ta koma a 2015.

Tsugune ba ta ƙare ba. A Oktoban 2014 Ian Jackson, ɗaya daga 'yan kwamitin kuma tsohon shugaban Debian, ya kai maganar gaban duka membobi, yana neman a hana kowace manhaja ta tilasta wa mutum init guda ɗaya. Aka yi zaɓe a Nuwamba, mafi rinjaye suka ce ba a buƙatar wata sabuwar doka. Watan nan na Nuwamba shi ne ya fi min ciwo a duk labarin. Joey Hess, wanda ya yi shekara goma sha takwas yana wa Debian aiki kuma hannunsa na cikin manhajar da ake girka ta da ita, ya ajiye ya tafi. Tollef Fog Heen ya sauka daga cikin masu kula da systemd a Debian ya ce hare-haren da ake kai musu sun fi ƙarfinsa. Russ Allbery da Colin Watson da shi kansa Ian Jackson duk suka bar kwamitin fasaha. Ka lura ba ɓangare ɗaya ba ne ya yi asara, na nan sun tafi na can sun tafi, kuma waɗannan mutane ne da ba a biyansu ko sisi a kan wannan aikin, bayan sun taso daga aikin neman abinci suke zama su yi. A ƙarshen watan wasu suka sanar da Devuan, wato Debian ba tare da systemd ba, sai a Mayun 2017 suka iya fitar da cikakkiyar fitowarsu ta farko. Shekara biyu da rabi don a zare abu ɗaya. Masu adawa suka ce kun gani ko, abin da muke faɗa kenan, ya riga ya yi jijiya.

In ɓera da sata to daddawa ma da wari, kuma dole a faɗi na kowa. Ta ɓangaren masu adawa an yi abin kunya. A Oktoban 2014 Poettering ya rubuta cewa ana aiko masa da barazana har wasu na maganar tara kuɗi a ɗauki wanda zai kashe shi. A kan manhaja fa, wadda aka ba ka kyauta. Duk mai hujja ta gaskiya a kan systemd waɗannan mutanen sun cuce shi, don daga lokacin duk wanda ya buɗe baki ya yi ƙorafi sai a jefa shi cikin sahun masu zagi a wuce.

Ta ɓangaren masu systemd kuma matsalar ita ce yadda suke amsa ƙorafi. A Afrilun 2014 aka gano cewa in ka ba kanel umarnin ya riƙa bayyana duk abin da yake yi don neman matsala, systemd ma sai ya ɗauka da shi ake ya cika wurin da surutu har injin ya kasa tashi. Aka kai ƙara, Kay Sievers ya nuna ba laifinsu ba ne, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro kanel ɗin Linux, ya fusata ya ce ba zai ƙara karɓar kod daga hannunsa ba sai ya koyi gyara abin da ya ɓata. A 2016 suka canza tsari ta yadda in ka fita daga akawun ɗinka duk aikin da ka bari yana gudana za a kashe shi, alhali mutane sun shekara da shekaru suna barin dogon aiki a sabar su tafi gida su dawo da safe, sai da Debian da wasu suka mayar da shi yadda yake a nasu. A 2017 kuma wani ya nuna cewa in sunan mai amfani ya fara da lamba, systemd sai ya ƙi gane sunan, maimakon ya tsaya ya ce akwai matsala sai ya tada shirin da cikakken ikon mai gida. Amsar farko ita ce ai irin wannan sunan dama ba daidai ba ne, ba kuskurenmu ba ne. Daga baya an gyara. Kusan kullum daga baya ana gyarawa, amma amsar farkon ita mutane ke riƙewa. Kowace manhaja tana da kuskure, ba wanda ya isa ya ce tasa ba ta da shi. Abin da mutum ke aunawa shi ne ranar da na zo maka da kuka me za ka ce min, musamman in kai ne mai lamba ɗaya a injina kuma ba ni da hanyar kauce maka cikin sauƙi.

Shi ya sa nake cewa maganar amana ce. Ana yawan cewa ai buɗaɗɗiyar manhaja ba ta buƙatar ka yarda da kowa tunda kod ɗin na nan ka karanta. Wa ke karantawa? Ni dai ban taɓa karanta ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke gudana a injina ba, kuma na san waɗanda suka fi ni ilimi nesa ba kusa ba su ma haka. Abin da muke yi a zahiri shi ne mun yarda da mutane: wanda ya rubuta, wanda ya duba, wanda ya ɗaure ta ya sa a rumbun Debian ko Fedora. Kuma yardar tana tsayawa ne a kan abu biyu, halin mutumin, da sanin cewa in ya canza hali akwai ƙofar fita. Masu systemd sun yi sakaci da na farkon, tsarin ginin nasu kuma ya ƙuntata na biyun. Da IBM ta sayi Red Hat a kan dala biliyan 34 a 2019, sannan Poettering ya koma Microsoft a 2022, masu adawa suka ce to ga shi nan. Ni ban ga wata ɓarna da wannan ya jawo wa kod ɗin ba, amma na fahimci dalilin da ya sa gaban mutum zai faɗi.

A Disambar 2019 Debian ta sake zaɓe, abin da ya yi nasara shi ne a ci gaba da systemd amma a bar ƙofa a buɗe ga masu son gwada wasu. Kuma wasun suna nan da ransu, Gentoo da Alpine suna amfani da wani init mai suna OpenRC, Void na da nata mai suna runit, Slackware na nan da tsohon salonta, Devuan da Artix na ci gaba. Ni da nake amfani da systemd kullum ina ganin wanzuwar waɗannan alheri ne gare ni, don su ne shaidar cewa ƙofar ba ta rufe gaba ɗaya ba, kuma ya kamata masu cewa ɓata lokaci suke yi su daina.

Sai ga abin da ya faru a Maris 2024, wanda ya sa na sake duba rigimar gaba ɗaya. Wani injiniya mai suna Andres Freund, yana aiki a Microsoft a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, yana gwaje-gwajensa a Debian ta gwaji sai ya lura shiga inji daga nesa ta manhajar da ake kira SSH na cin ƙarfin inji fiye da kima kuma yana ƙara kusan rabin daƙiƙa. Rabin daƙiƙa fa. Da wani ne sai ya ce netwok ne ya wuce. Shi ya bi diddigi har ya gano an dasa ɓarauniyar hanya a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Ranar 29 ga Maris ya fallasa. Da ta kai ga manyan fitowar da kamfanoni da gwamnatoci ke amfani da su, mai riƙe da makullin zai iya shiga sabar ya yi abin da ya ga dama.

Ta ina xz ta haɗu da SSH? Ta systemd. Debian da Fedora da wasu sun yi wa SSH ɗan ƙari don ya riƙa gaya wa systemd cewa na tashi na shirya, ƙarin ya jawo laburaren systemd, wato tarin kod da wasu shirye-shirye ke ara, shi kuma laburaren ya jawo na xz, sai ga kod ɗin matse fayil zaune a cikin mai gadin ƙofar shiga. Masu adawa suka ce shekara goma muna faɗa muku yawan jone-jone zai kashe mu, kuma a nan suna da gaskiya, wanda bai da wannan jonin hanyar ba ta bi ta kansa ba. Masu kare systemd suka ce ai ba mu muka dasa ba, kuma asalin masu rubuta SSH ɗin, wato OpenSSH, ba su taɓa jona shi ba, masu rarrabawa irin su Debian da Fedora ne suka yi, sannan dama mun riga mun fara canjin da zai sa a daina loda xz sai in ana buƙata. Su ma suna da gaskiya.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai ba wannan musun ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba a systemd take ba, wurin da dubban idanu ke kallo ana ta faɗa a kai. Tana wurin wani mutum ɗaya, Lasse Collin, da ya shekara da shekaru yana riƙe da xz shi kaɗai ba albashi. A 2022 wasu sunaye da ba a san su ba suka dinga matsa masa wai aiki ba ya sauri, ya ba wani dama, shi kuma ya amsa cewa yana fama da rashin lafiyar da ta shafi ƙwaƙwalwa kuma aikin nan na sa-kai ne. A gefe kuma ga wani mai kiran kansa Jia Tan da ya fara turo gyare-gyare tun 2021, mai ladabi, mai haƙuri, aikinsa tsaf, bai taɓa ce wa kowa ba kuskurena ba ne. A hankali ya dinga gina yarda har aka ba shi ikon fitar da sabuwar fitowa. Mugun kod ɗin ma a cikin fayilolin gwaji ya ɓoye shi, abin da ke kunna shi kuma ya sa a ƙunshin da ake saukewa, ba a inda mutane ke duba kod ba.

Wato shekara goma muna auna amana da wanda ya iya magana da wanda bai iya ba, muna faɗa da mai girman kai da muka san sunansa da fuskarsa da inda yake aiki, wanda ya zo cutar da mu kuma da fara'a ya shigo ta wurin da ba mai gadi. Wannan bai wanke masu systemd daga raina mutane ba, bai kuma mayar da tsoron masu adawa shirme ba. Ya dai nuna min cewa ƙarfin da aka ƙona a 2014 wajen korar 'yan sa-kai da zagi, da an kai ko kaɗan daga cikinsa wajen tambayar su waye ke riƙe da ƙananan abubuwan da muka jingina a kansu kuma a wane hali suke, da Jia Tan bai samu mutum a gajiye shi kaɗai ba.

Bayan fallasar, systemd ta fitar da canjin da ya raba laburarenta da xz sai in an nema, masu OpenSSH kuma a fitowarsu ta 9.8 a Yulin 2024 suka rubuta 'yar hanyarsu ta sanar da systemd ba tare da jona laburarensa ba, abin da ba shi da wani tsawo kuma da an so da an yi shi tun tuni. Jia Tan ya ɓace. Lasse Collin shi ya koma ya bi kod ɗin yana tsince abin da aka dasa, ya fitar da tsaftatacciyar fitowa a watan Mayun shekarar.